Yadda za ka gano sunan kimiyya na icce ko kifin garinku

Idan ka shiga kasuwar Argungu ka ce a auna maka gujjiya, abin da Bakano ke kira gyaɗa za a zuba maka. Ka je Kano ka faɗi haka, kwaruru za a miƙo maka. Icce guda kuma, wani ya ce dogon yaro, wani darbejiya, wani bedi, wani maina, alhali duk Hausa muke yi. To ina ga an haɗa da Bafulatani da Bazabarme da Badakkare, balle a kai ga mai bincike a Indiya ko Barazil. Wannan ne ya sa masana halittu suka yarda kowane jinsi ya samu suna guda da za a gane shi a ko'ina. Gyaɗa *Arachis hypogaea* ce, kwaruru *Vigna subterranea*, dogon yaro kuwa *Azadirachta indica*.

Ni haifaffen Yawuri ne, a Argungu nake koyar da bayoloji a sakandare. Masu zuwa wurina da wannan tambaya sukan kasance tsofaffin ɗalibaina da suka kai ajin ƙarshe a jami'a aka ba su firojet a kan wani ganyen magani, sai malaman gona, sai masu kiwon kifi. Abin da nake gaya musu ne zan shimfiɗa a nan.

Tsanin da ake hawa

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778, shi ya tsayar da ɗabi'ar kiran kowane jinsi da kalmomi biyu. Kafin shi sunan tsiro kan zama doguwar jimla ta Latin mai bayyana kamanninsa. Har yau daga littafinsa na 1753 ake fara lissafin sunayen tsirrai, na dabbobi kuma daga bugu na goma na wani littafinsa, na 1758.

Matakan da ke cikin littafin makaranta, daga sama zuwa ƙasa, su ne kindom, failom, kilas, oda, famili, jinas da sifishis. A aji nakan kira na farko masarauta, na ukun ƙarshe kuma dangi, gida da jinsi, don haka abin yake tafiya: jinsuna masu kusanci 'yan gida ɗaya ne, gidaje su taru su zama dangi, a yi ta hawa har a kai masarauta. Ɗauki tarwaɗa. Masarautarta Animalia, wato dabbobi. Failom ɗinta Chordata, inda duk mai ƙashin baya yake. Kilas Actinopterygii, kifayen da ƙayoyi ke riƙe da fikafikansu. Oda Siluriformes, masu gashin baki marasa ɓawo, nan take haɗuwa da kurungu da mijiriya. Dangi Clariidae, gida *Clarias*, jinsi *Clarias gariepinus*.

Ma'aunin jinsi da aka fi koyarwa shi ne haihuwa: waɗanda za su haɗu su haifi abin da shi ma zai haihu. Doki da jaki 'yan gida ɗaya ne, *Equus*, suna haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, saboda haka jinsinsu biyu. Ma'aunin yana da rauni a wajen tsirrai da ƙwayoyin bakteriya, amma ya isa mai farawa.

Littattafanmu na sakandare suna kan tsarin masarautu biyar da Robert Whittaker ya kawo a 1969. A 1990 Carl Woese da abokan aikinsa suka ɗora wani mataki a samansu mai rukuni uku: Bacteria, Archaea da Eukarya. Idan jarrabawa za ka rubuta, bi manhajarka. A aikin gano sunan icce ko kifi kuwa, da wuya ka buƙaci hawa sama da dangi.

Fara da mutanen da suka san abin

Kafin littafi, kafin waya, nemi sunan gargajiya, kuma daga bakin mutum fiye da ɗaya. Makiyayi ya san abin da shanu ke ci da abin da ke kumbura su. Tsohuwa mai daddawa ko mai haɗa dauri ta san ganye ko da an daka shi. Su Sarkin Ruwa da masunta na bambance kifayen da ni sai na ƙirga ƙayoyinsu. Ka durƙusa ka gaishe su yadda ya kamata, ka ce, “Baba, yaya kuke kiran wannan? Akwai wani mai kama da shi da ba shi ba?” Tambaya ta biyun ta fi ta farko amfani, don a nan zai gaya maka akwai namiji akwai mace, ko akwai na tudu akwai na fadama, kuma sau da yawa jinsuna biyu ne yake rarrabe maka.

Sunan Hausa ƙofa ce babba, domin an riga an yi aiki a kansa. J. M. Dalziel, likita ne da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma masu bincike sun yi ta ƙari a kai. Sai dai ka riƙi abin da ka samu a matsayin zato, har ka tabbatar. Gwanda da gwandar daji suna ne kawai ya haɗa su: ta gida *Carica papaya* ce, asalinta nahiyar Amurka, ta daji kuwa *Annona senegalensis*, dangi daban. Karfasa ma suna ne da ya lulluɓe jinsuna da yawa.

Dubi fure da 'ya'ya

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ganye yakan sauya da inuwa da ruwa da shekarun icce, tohon da ya fito bayan sara ma yakan ninka na uwarsa girma. Fure da 'ya'ya su ne ba su cika sauyawa ba, kuma a kansu aka gina yawancin dangogin tsirrai.

Ka ajiye kwanson wake kusa da na bagaruwa, da na gawo, da tsamiya, da ɗorawa. Girma ya bambanta, amma ƙira ɗaya ce, kwanso mai ƙwayoyi a jere. Dukkansu dangin Fabaceae ne, har da gyaɗa da kwaruru. Abin da ke ba yara mamaki shi ne kwaruru, da yake binne 'ya'yansa a ƙasa kamar gyaɗa, gidansu ɗaya da wake, *Vigna unguiculata*, gyaɗar kuwa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka. Sannan ka buɗe furen kuɓewa, da na rama, da na yakuwa, da na auduga. Kowanne fatu biyar ne a shimfiɗe, da wani sanda a tsakiya wanda garin fure ke manne a jikinsa. Dangin Malvaceae ke nan. Kuka da rimi a da danginsu daban ne a littafi, binciken ƙwayoyin gado, wato DNA, ya shigo da su nan, kuma wanda ya taɓa tsintar furen kuka da safe a gindinta ya ga tarin zaren nan da ke haɗe a tushe ba zai yi musu ba.

Kama ta waje tana yaudara. Tunfafiya da aguwa duk farin nono suke zubarwa, amma furensu ya raba su, ɗaya Apocynaceae ɗaya Euphorbiaceae. Jemage yana tashi amma shayarwa yake yi, don haka yana tare da akuya, ba da tsuntsu ba. Gaiwa, wadda ke shiga laka ta kwanta har rani ya wuce, tana da huhu, kuma ta fi kusa da kwaɗo a kan tarwaɗar da suke tafki ɗaya.

Bayan fure da 'ya'ya, ka rubuta yadda ganye ke zaune a reshe, ko biyu-biyu suna fuskantar juna ko ɗaya bayan ɗaya. Ka duba ko ganye guda ne ko an rarraba shi ƙanana kamar na tsamiya. Ka duba ƙaya, da ɓawo, da ruwan da ke fita idan an yanka, da ƙanshi idan an murtsuke. Magarya da kurna misali ne mai kyau na yadda ake raba 'yan gida ɗaya. Dukansu *Ziziphus* ne, ganyensu na da jijiyoyi uku da suka taso daga tushe, ƙayarsu biyu-biyu, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya mai lanƙwasa. Juya ganyen. Na magarya, *Ziziphus mauritiana*, bayansa fari ne mai laushin gashi. Na kurna, *Ziziphus spina-christi*, kore ne ciki da baya.

A wajen kifi ƙirga ake yi: gashin baki nawa, ƙayoyi masu tauri da masu laushi nawa a fiffiken baya, ɓawo nawa a layin da ya ratsa gefen jiki. Masu kiwo su lura da wannan. Tarwaɗa da ramboshi dangi ɗaya ne, kowanne gashin bakinsa takwas. Fiffiken bayan tarwaɗa dogo ne, ya taho har kusa da wutsiya. Na ramboshi, wato gidan *Heterobranchus*, ya tsaya a hanya, sai wani fiffike na tsoka zalla mara ƙaya ya biyo baya. Ana haɗa su a gidajen ƙyanƙyasa a samu ruwa-biyu, shi kuma nasa fiffiken tsokar ɗan ƙarami ne. Karfasar da aka fi kiwo, *Oreochromis niloticus*, ana gane ta da zane-zanen da suka sauko a jere a wutsiyarta, kuma uwar a baki take renon ƙwai. Wadda cikinta kan yi ja, *Coptodon zillii*, a ƙasa take zuba nata ta tsare su.

Ɗauki samfur

Masani ba zai sa maka hannu a kan labari ba, sai ya ga abin. Ka yanko reshe mai tsawon kamu ɗaya da ɗan ƙari, kimanin santimita 30, mai ganye da fure ko 'ya'ya. Idan ciyawa ce ka tumɓuke ta da saiwa. Ka yanko biyu ko uku, don ɗaya zai zauna a inda ka kai shi. Ka shimfiɗa a cikin tsohuwar jarida, ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya dubi sama, ka sa kwali sama da ƙasa, ka danne tsakanin katako biyu da bulo ko ka ɗaure tam da igiya. Ana sauya jaridar kullum har ya bushe. Da hunturu abin ba ya ɗaukar lokaci. Da damina kuwa, idan ka yi sakaci fumfuna za ta cinye shi. Kada ka bar shi ya kwana a leda.

Takardar bayani ita ce rabin aikin, kuma a gindin iccen ake rubuta ta. Ka sa kwanan wata, da sunanka, da lambar da ka ba samfurin, da ƙauye da ƙaramar hukuma, da lambobin wuri daga wayarka. Ka rubuta duk abin da bushewa za ta ɓatar, kamar launin fure da ƙanshi da tsayin icce, da ko fadama ce ko jigawa ko fako. Ka sa sunan gargajiya da harshen da aka faɗa da shi. Ka ɗauki hoton iccen gaba ɗaya, da na ɓawo, da na fure kusa-kusa. Kifi kuma a kwantar da shi kai na duban hagu, a baza fikafikai, a sa rula a gefe, a ɗauka tun launinsa bai gushe ba.

Lokaci ma sai an lura. Gawo da damina yake kaɗe ganye, sai ruwa ya ɗauke ya yi kore ya yi fure, don haka wanda ya je masa a watan Agusta zai dawo da ƙirare. Ɗorawa da rani take sako jajayen tuntayen nan nata. Kuka da dare take buɗe fure, jemagu ke yi mata barbara. Ɗorawar da ke cikin gona kuma tana da mai ita, a nemi izini. Daji mai nisa dai, a halin da ake ciki, ban yarda ɗalibina ya shiga don ganye ba. Abin da ke bakin gari da gefen gulbi ya isa a koyi aikin.

Mabuɗi, waya da ma'ajiya

Littattafan gano tsirrai da kifaye suna da abin da ake kira mabuɗi, jerin tambayoyi ne masu amsa biyu, kowace amsa ta tura ka gaba. Ga ƙarami da nake yi da 'yan aji. Ganyen kamar gashin tsuntsu yake, ko kamar mafici? Idan gashin tsuntsu ne, dabino, *Phoenix dactylifera*. Idan mafici ne, gangar jikin ta rabu reshe-reshe ko ta miƙe guda? Ta rabu, goruba, *Hyphaene thebaica*. Ta miƙe da ɗan kumburi a sama, giginya, *Borassus aethiopum*. Na gaske haka yake, tsawo kawai ya fi. Ka karanta amsoshin biyu duka kafin ka zaɓa, kuma idan ka isa ga suna ka karanta cikakken bayanin jinsin ka gwada da abin da ke hannunka. Babban littafin tsirran Afirka ta Yamma da Hutchinson da Dalziel suka fara fitarwa a 1927 har yanzu ana aiki da mabuɗansa, ko da yake sunaye da yawa a ciki sun tsufa.

Manhajojin waya irin su PlantNet da iNaturalist suna taimakawa, ina amfani da su. Sukan kai ka dangi ko gida da sauri, amma a kan ciyayinmu sukan ba da sunan wani ɗan'uwa na wata nahiya da cikakken ƙarfin hali. Duk sunan da ka samu, ka shigar da shi a Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila, ko FishBase idan kifi ne, ka ga ko shi ne karɓaɓɓe a yau, kuma ko an san jinsin a Najeriya.

Mai firojet a kan magani kuwa dole ya kai samfurinsa ma'ajiyar busassun tsirrai, wato habariyom. Akwai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan. Za a gwada naka da nasu, a ajiye shi, a ba ka lamba ka sa a rubutunka. Gwajin da aka yi a kan ganyen da ba a tabbatar da shi ba, babu wanda zai iya maimaita shi.

Rubuta shi daidai

Kalmar farko gida ce, da babban baƙi take farawa. Ta biyu da ƙaramin baƙi, ko da daga sunan mutum ko ƙasa aka samo ta. A kwamfuta ana karkata rubutun, da hannu kuma a ja layi a ƙarƙashin kowace kalma daban. Bayan ambato na farko kana iya taƙaitawa, ɗorawa *Parkia biglobosa* ta koma *P. biglobosa*. Idan ka san gida ba ka san jinsi ba, kamar a kurungu, ka rubuta *Synodontis* sp., jinsuna da yawa kuma spp., babu abin kunya a ciki. Sunan dangi ba a karkata shi, na tsirrai yana ƙarewa da -aceae, na dabbobi da -idae.

Kalma ta biyu ba ta tsayuwa ita kaɗai. Ka ce *senegalensis*, wa kake nufi? Maɗaci *Khaya senegalensis* ne, sabara *Guiera senegalensis*, ga gwandar daji can. Haka *niloticus* yake a kan giwan ruwa da karfasa da bargi da yauni. Kada kuma ka ɗauki sunan a matsayin tarihi: tsamiya *Tamarindus indica* ce, amma asalinta Afirka.

Abin da ke biyo bayan suna shi ne wanda ya raɗa shi. Harafin L. Linnaeus ne, kamar a *Adansonia digitata* L., kuka. A wajen dabbobi, idan ka ga mai raɗin a cikin baka, kamar *Clarias gariepinus* (Burchell, 1822), ma'anarsa an ɗauke jinsin daga gidan da ya fara sa shi. Tsofaffin littattafanmu suna kiran wannan kifi *Clarias lazera*, sunan da aka ba shi a 1840. Da aka gano kifi ɗaya ne, sai na 1822 ya ci, domin dokar ita ce wanda ya riga shi ke da suna.

Sunayen da kansu akwai mai sosa rai. Gidan ɗorawa, *Parkia*, Robert Brown ne ya raɗa shi a 1826 don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya biyo Kwara ya wuce ta Yawuri ya halaka a Busa a 1806. Gawo, *Faidherbia albida*, sunan gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal yake ɗauke da shi. Kakanninmu sun daɗe suna dafa kalwa kafin a haifi Park. Ra'ayina shi ne a yi aiki da sunan don a fahimci juna, a kuma rubuta namu a gefensa kowane lokaci. Ƙofar raɗi kuma a buɗe take ga kowa: wanda ya samu jinsin da ba a taɓa bayyanawa ba, zai ajiye samfur guda a ma'ajiya ya zama shi ne madogarar sunan, ya rubuta abin da ya bambanta shi, ya buga a inda masana za su gani. Tun daga farkon 2012 bayanin tsiro ba dole ne ya zama da Latin ba, Ingilishi ma ya wadatar.

Sunaye suna sauyawa idan sabon bincike ya nuna an haɗa waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba. Bagaruwa da muka haddace a *Acacia nilotica* yanzu *Vachellia nilotica* ce, bayan an raba gidan *Acacia* aka bar sunan ga na Ostareliya, hukuncin da aka yanke a taron masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005 aka sake tabbatarwa a Melbon a 2011, masanan Afirka da dama ba da son ransu ba. Kaɗanya ta tashi daga *Butyrospermum* ta koma *Vitellaria paradoxa*. A rubutunka ka sa sabon suna, ka ambaci tsohon sau ɗaya, kuma idan kana neman abin da aka rubuta a kan iccen ka bincika da duka biyun, in ba haka ba rabin aikin da aka yi zai wuce ka.

Wanda ke son gwaji na farko, fadamarmu ta ishe shi. Shinkafa jinsi biyu ake nomawa a duniya, *Oryza sativa* ta Asiya da *Oryza glaberrima* da aka fara nomawa a nan Afirka ta Yamma, kuma ta biyun tana nan a hannun wasu manoma, wani lokaci a cakuɗe cikin gona ɗaya. Ka ja ganye baya kaɗan daga kara, ka dubi 'yar fatar da ke tsaye a mahaɗarsu. Ta Asiya doguwa ce mai tsini, sau da yawa a tsage biyu. Tamu gajera ce mai zagayayyen baki, zangarniyarta kuma ba ta da ƙananan rassa da yawa. Ka tambayi mai gonar sunan kowace, ka danne su a jarida daban-daban, ka ba su lamba 1 da 2.